Kafin a cika ƙasa da shanun Brazil, a fara ɗora Bunaji a kan sikeli

Da sassafe, kafin zirga-zirgar ababen hawa ta kankama a kan hanyar Kaduna zuwa Kachia, mahautan Unguwar Boro sun riga sun jera nama a kan tebur. Matan da ke sayar da abinci a bakin titi suna zuwa su sari nasu, masu tsire da balangu su ware na yamma, magidanta kuma su sayi abin da aljihu ya iya ɗauka, wanda kullum raguwa yake yi.

Mahaucin nan da sikeli yake sayar da namansa, ko kuma kashi-kashi. Amma san da ya yanka da ido ya saye shi. Ya zagaya shi a kara, ya daddanna ƙugu, ya dubi tozo da cinya, dillali ya shiga tsakani, aka yi ciniki. Babu wanda ya auna san nan tun ranar da aka haife shi har ranar da aka kai shi kwata. Babu wanda zai iya faɗin watanni nawa ya ɗauka kafin ya kai wannan girman, ko buhun dusa nawa ya ci.

A nan matsalar naman shanu a Najeriya ta faro, kuma a nan ya kamata gyara ya faro. Sai dai maganar da ta fi tashe a yanzu ta sha bamban da wannan. Abin da ake ta yayatawa shi ne a shigo da shanun waje, a yi wa na gida barbara da su, shi ke nan an huta.

Zazzaɓin shanun waje

Duk mai wayar hannu da ke da sha'awar kiwo ya ga irin bidiyon nan a Facebook ko TikTok: ƙaton bijimi mai tozo kamar tulu, ana jan sa da igiya, ana cewa Brahman ne, ko Nelore, ko Simmental, nauyinsa ya doshi tan guda. A ƙarƙashin bidiyon akwai lambar waya, da alkawarin cewa maraƙin da ya haifa zai ninka na gida cikin shekara ɗaya.

Waɗanda wannan talla ta fi kamawa su ne masu ƙaramin jari a gefen birni. A Unguwar Boro da Sabon Tasha da Kamazou har zuwa Maraban Rido, akwai ma'aikata da 'yan fansho da 'yan kasuwa da suka killace ɗan fili, suka ɗaure shanu biyu ko biyar a turke, suna jiran Babbar Sallah ko Kirsimeti. Ga mutum irin wannan, sa guda ɗaya kuɗin makarantar yara ne, ko kuɗin sallama daga aiki na shekara 35. Idan ya mutu, ba ƙaramin rami ya bari ba.

Daga sama ma iskar ta nan take kaɗawa. A watan Yulin 2024 Shugaba Bola Tinubu ya ƙirƙiro Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi, kuma a watan Oktoba ya ɗauko Idi Mukhtar Maiha ya ba shi riƙonta, mutumin da ya taɓa shugabantar matatar man Kaduna, wadda ke nan kusa da Unguwar Boro. A watan Nuwamban shekarar, gwamnati ta sa hannu a kan yarjejeniya da JBS, katafaren kamfanin nama na Brazil, wanda ya yi alkawarin zuba dala biliyan 2.5 don gina masana'antu shida, biyu daga cikinsu na naman shanu. A Damau da ke Ƙaramar Hukumar Kubau kuma, kamfanin Arla ya buɗe gonar madara a 2023 da karsanan Holstein da aka kawo daga Denmark.

Babu laifi a neman jari da ilimi daga waje. Laifin yana wajen ɗaukar cewa jinin waje kaɗai zai magance abin da yunwa da cuta da rashin lissafi suka haddasa.

Abin da ke cikin garke

Ƙidayar dabbobi mafi zurfi da aka yi a ƙasar nan, wadda aka gudanar a 1990 ta sama da ta ƙasa, ta samu shanu kimanin miliyan 13.9. Kusan kashi 37 cikin 100 nasu Bunaji ne, wato fararen shanun nan masu baƙin kunne da baƙin hanci da dogon ƙaho, waɗanda wasu ke kira Yakanaji. Su ne suka fi yawa a Jihar Kaduna, kuma naman da ke kan teburin mahaucin Unguwar Boro yawanci nasu ne.

Sai Bokolo, da Turawa ke kira Sokoto Gudali, mai gajeren ƙaho da faɗin jiki da sanyin hali, wanda masu turke da masu huɗa suka fi so. Sai Rahaji, jajayen shanun Bororo masu dogayen ƙafafu da ke iya tafiyar da za ta kashe wani sa. Akwai Gudalin Adamawa, akwai Wadara na Shuwa a Borno, akwai Azawak a kan iyakar Nijar, akwai Kuri na bakin Tafkin Chadi mai kumburarren ƙaho. A kudu da tsakiyar ƙasa akwai Muturu, ɗan ƙarami marar tozo, wanda ke rayuwa a inda ƙudan tsando ke karkashe sauran shanu.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya shafe ɗaruruwan shekaru ana tace shi. Rani ya tace, bushiya ta tace, kaska da sammore sun tace. Wanda ya rage shi ne wanda ya iya jure zafin watan Maris da Afrilu, ya ci busasshiyar ciyawa da karan dawa, ya rame har haƙarƙari ya fito, sannan ya murmure da ruwan farko. Wannan juriya ita ma gado ce, kuma babu kasuwar da ake sayo ta.

Gaskiya ne shanun nan ba sa saurin girma. A ƙarshen shekarun 1970 da cikin 1980, cibiyar binciken dabbobi ta Afirka, ILCA, ta kafa ofishi a Kaduna, masananta suka yi shekaru suna bin garkunan Fulani a Kurmin Biri da Abet da ke kudancin jihar. Abin da suka gano shi ne karsanar Bunaji a ruga tana kusan shekara biyar kafin ta yi haihuwar fari, kuma tsakanin haihuwa da haihuwa ana ɗaukar kusan shekara biyu. Amma irin waɗannan shanu, idan suna tashar bincike inda ake ba su abinci da magani, suna haihuwa da wuri fiye da haka. Jinin ɗaya ne. Abincin ne ya bambanta.

Ga lissafi mai sauƙi. Saniyar da ta fara haihuwa tana shekara biyar, tana sake haihuwa duk shekara biyu, za ta ba da 'yan maruƙa huɗu kafin ta cika shekara 12. Wadda ta fara tana shekara uku, tana haihuwa duk wata 14, za ta ba da takwas. An ninka nama ke nan, ba a shigo da ko digon maniyyi daga waje ba.

Darasin Wakwa

Tunanin kawo bijimin waje ba sabo ba ne a wannan yanki. A 1952, a tashar kiwo ta Wakwa da ke kusa da Ngaoundere a Kamaru, an fara haɗa bijiman Brahman na Amurka da shanun Gudali. 'Ya'yan sun fito da girma kamar yadda aka yi fata. Sai kirci ya afka musu. Cutar fatar nan da ke tasowa da damina, wadda kaska ke share wa hanya, ta kama ruwa-biyun fiye da yadda take kama Gudalin gida nesa ba kusa ba. Abin da aka samu ta fuskar nauyi, an yi ta biyan sa ta fuskar ciwo da asara.

Abin lura shi ne Brahman ba san ƙasar sanyi ba ne. Asalinsa shanun Indiya ne masu tozo, waɗanda aka tace a kudancin Amurka mai zafi. Idan har shi ya sha wuya a tsaunin Adamawa, me ake tsammani daga Angus ko Charolais ko Simmental, waɗanda aka tsara domin makiyayar Turai?

Kudancin Kaduna yanki ne mai ruwa da duhuwa, gidan kaska da ƙudan tsando. Ba banza ba aka kafa cibiyar binciken cutar sammore ta Afirka ta Yamma a Kaduna tun 1947, wadda a yau ita ce NITR. Duk wanda zai kawo sa mai jinin Turai wannan yanki, sai ya shirya kuɗin feshin kaska a kai a kai, da allurar sammore, da inuwa, da ruwan sha mai yawa, da likitan da zai zo idan an kira shi da tsakar dare.

A cikin gida ma an gwada. An buɗe manyan gonakin kiwo na gwamnati a Mokwa da Manchok da Obudu da wasu wurare. A farkon shekarun 1980 an kawo dubban shanun N'Dama daga Gambiya saboda jurewar sammore. A Vom da Shika an shafe shekaru ana haɗa Friesian da Bunaji domin madara. An samu ilimi mai yawa daga waɗannan gwaje-gwaje, amma garken makiyayi na nan kusan yadda yake, domin da kuɗin shiri ya ƙare sai rajista ta tsaya, shanun kuma su watse.

Yadda gado ke aiki

Hausawa sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Haka ne, amma a harkar ruwa-biyu akwai wani sirri da masu talla ba sa faɗa.

Idan aka haɗa jinsi biyu da suka yi nisa da juna, 'ya'yan farko sukan fito da wani ƙarin ƙarfi da kuzari da ya zarce matsakaicin iyayensu. Wannan shi ne maraƙin da ake nunawa a bidiyo: rabinsa jinin waje, rabinsa na gida, ya ɗauko girman uba da juriyar uwa. Amma wannan ƙarin ba ya gaduwa gaba ɗaya. Idan aka haɗa ruwa-biyu da ruwa-biyu, kusan rabinsa ke zubewa, 'ya'yan kuma su fito barkatai, wani ya yi uba, wani ya yi kaka, wani ya kwaso raunin ɓangarorin biyu. Idan kuma aka sake maimaita bijimin waje a kan 'yar ruwa-biyu, jinin waje ya kai kashi 75 cikin 100, juriyar gida ta ragu sosai, a nan ne ciwo ke samun ƙofa.

Don haka mutumin da ya sayi bijimi ruwa-biyu da tsada domin ya riƙa barbarar shanunsa, yana sa ran 'ya'ya irinsa, ya sayi abin da bijimin ba zai iya bayarwa ba.

Sai maganar ciki. Sa yana cin busasshen abinci kimanin kashi biyu da rabi cikin 100 na nauyinsa a kullum. Mai kilo 300 yana bukatar kimanin kilo bakwai da rabi, mai kilo 600 kuma kilo 15. Girman da ake sha'awa daga dusa da harawa da angurya yake fitowa, kuma duk mai turke a Kaduna ya san yadda farashinsu ke tashi daga Fabrairu zuwa Mayu. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. San da aka tsara domin saurin girma, idan bai samu abinci ba, ya fi na gida saurin lalacewa.

Akwai kuma haihuwa. Maraƙin Bunaji yana zuwa duniya da nauyin kilo 20 zuwa 25. Na Charolais yakan haura kilo 40. Ɗora irin wannan bijimi a kan ƙaramar karsana yana iya jawo naƙuda mai tsanani, a rasa uwa da ɗa. Garin neman gira an rasa ido.

Ita kanta barbarar allura, wato ɗura wa saniya maniyyi, tana da sharuɗɗa. Dole maniyyin ya zauna cikin ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, tun daga inda aka ɗebo shi har zuwa ruga. Saniya tana neman bijimi duk kwana 21, kuma lokacin 'yan awoyi ne, a shanu masu tozo ma yakan zo da dare ba tare da alama sosai ba. Idan tulun ya ɗumama a hanya, ko mai allura ya makara, kuɗi ya tafi.

Abin da Brazil ta yi a zahiri

Masu kafa hujja da Brazil suna da gaskiya cewa ita ce kan gaba a duniya wajen fitar da naman shanu. Amma labarinta yana goyon bayan tace na gida ne fiye da yadda suke zato.

Mafi yawan shanun naman Brazil Nelore ne, kuma asalin Nelore shi ne Ongole, farin sa mai tozo na kudancin Indiya, wanda manoma ke huɗa da jan amalanke da shi. Duk wanda ya ajiye hotonsa kusa da na Bunaji zai ga dangantaka. Makiyayan Brazil sun lura cewa shanun Turai ba sa jure zafinsu, suka je Indiya suka kwaso masu tozo, babban kwaso na ƙarshe a 1962. Daga nan aikin ya koma na alƙalami da sikeli. Ƙungiyar masu kiwon shanu masu tozo da ke birnin Uberaba tana riƙe da rajistar asali tun shekarun 1930. Ana auna maraƙi ranar haihuwa, a auna shi ranar yaye, a sake auna shi ya shekara ɗaya da rabi. Wanda ya fi sauran shi ne zai zama uba, sauran su tafi mayanka. Hukumar binciken noma ta Embrapa, da aka kafa a 1973, ta haɗa da inganta ciyawa. Shekara 60 na wannan aiki ne ya haifar da bijimin da ake gani a bidiyo.

A Kenya, masu gonaki sun sayi shanun Boran daga hannun makiyayan arewacin ƙasar, suka tace su, suka kafa ƙungiya a 1951. A Zimbabwe an tattara shanun gida aka fitar da Tuli. Zuwa 1990, Ostireliya, wadda ta yi suna a kiwon shanu, ita ce ta zo ta ɗauki 'yan tayin Boran da Tuli daga Zambiya da Zimbabwe domin ta gyara nata garken. A Afirka ta Kudu, Farfesa Jan Bonsma ya fitar da Bonsmara daga gwajin da ya fara a 1937, kuma ko a nan kashi biyar cikin takwas na jinin na Afrikaner ne na gida, Hereford da Shorthorn suka raba sauran ukun. Sharaɗin shiga rajistarsa shi ne awo.

Ba sai an je nesa ba. A Jamhuriyar Nijar, tashar Tukunus da ke yankin Filinge ta shafe shekaru tun 1954 tana tace Azawak, har ta kai makiyaya da gwamnatocin maƙwabta suna neman bijimanta.

Najeriya ta riga yawancin waɗannan farawa. An buɗe gonar kiwo ta Shika a 1928 domin tace shanun gida, kuma ita ce ta zama cibiyar NAPRI a 1976 a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Daga Unguwar Boro zuwa Shika tafiya ce ta ƙasa da awa biyu. Cibiyar da ta fitar da kazar Shika Brown ba ta rasa masana ba. Abin da aka rasa shi ne shiri mai ɗorewa da zai haɗa ta da ruga, da kuɗin da ba zai yanke ba idan gwamnati ta sauya.

Tacewa ta baibai

Yayin da ake jiran wannan shiri, wata tacewar tana gudana kullum, amma ta baibai.

Idan Sallah ta ƙarato, ko makiyayi ya shiga matsi, san da ya fi kyau shi ne ke fara barin garke, domin shi ne mai kuɗi. Mai turke ya saye shi a Mariri ko Anchau ko Zangon Tudun Wada, ya ciyar da shi wata uku ko huɗu, ya sayar, a yanka. Jinin da ya fi kowane saurin girma a garken ya ƙare a tukunya, wataƙila bai bar ɗa ko ɗaya ba. Ƙananan da ba su yi farin jini a kasuwa ba su ne ke saura suna barbara. Bijimi ɗaya yana iya hawan shanu 25 zuwa 30 a shekara, kuma rabin jinin kowane maraƙi nasa ne. Kuskure ɗaya wajen zaɓen uba yana bin garke shekaru.

Haka kuma likitocin dabbobi sun daɗe suna kokawa a kan yawan shanu masu ciki da ake yankawa a mayankun ƙasar nan. Kowace ɗaya asarar rai biyu ce, kuma saniyar da ta ɗauki ciki cikin wahala ita ce irin wadda ya kamata a riƙe.

Wannan ba ya nufin makiyayi bai san zaɓe ba. Ya fi kowa sani. Binciken da Saverio Kratli ya yi a tsakanin Woɗaaɓe na Nijar ya nuna yadda suke haddace asalin kowace saniya ta wajen uwa har kakanni da dama, kuma suke tafiya mai nisa domin aron bijimin da suka yarda da shi. Bafulatanin Ladduga ma ya san wace saniya ce ba ta ɓari, wace ce ke riƙe jiki da rani, wace ce 'ya'yanta ke rayuwa. Amma yana zaɓe ne domin abin da rayuwarsa ke bukata: nono, ƙafar tafiya, da jure yunwa. Kasuwa ba ta taɓa biyan sa don saurin girma ba, tunda babu mai aunawa. Kuma mutumin da ke kwana da fargabar ɓarayin shanu, kamar yadda aka sha fama a dazukan Chikun da Kajuru da Birnin Gwari, ba zai yi shirin shekara goma a kan garken da za a iya korawa cikin dare ɗaya ba.

Inda ruwa-biyu ke da amfani

Adalci ne a faɗi cewa barbara da jinin waje tana da gurbinta. Mai gona da ke da killataccen fili, da ciyawar da ya shuka, da rijiyar burtsatse, da likita, zai iya cin riba da ruwa-biyu, kuma akwai masu ci. Hanyar da ta fi aminci ita ce a riƙe uwaye na gida tsantsa, Bunaji ko Bokolo, a ɗora musu bijimin nama mai jure zafi, sannan duk 'ya'yan, maza da mata, su tafi turke da mayanka. Ta haka ana cin moriyar ƙarin ƙarfin nan na haihuwar farko, ba a gurɓata tushen ba. Amma wannan tsari kansa yana bukatar wani ya ci gaba da samar da uwaye nagari na gida. Idan kowa ya koma ruwa-biyu, babu inda za a samo su.

Masu cewa tacewa tana da jinkiri su ma suna da gaskiya. Saniya wata tara take ɗaukar ciki, kuma kafin a ga 'ya'yan bijimi a auna su, an ci shekaru. Sai dai abin da aka samu ta wannan hanya ba ya zubewa, ƙaruwa yake yi daga zuriya zuwa zuriya. Saurin girma yana daga cikin halayen da ke gaduwa sosai, kimanin kashi 30 zuwa 40 cikin 100 na bambancin da ke tsakanin dabbobi. Da an riƙe aikin Shika ba yankewa tun 1928, da yanzu ana gab da cika shekara 100 ana tara riba.

Abin yi

Na farko, sikeli. Gwamnatin Kaduna da ƙananan hukumomi suna karɓar haraji a kowace kara da kwata. Sanya sikelin shanu a manyan kasuwanni bai fi ƙarfinsu ba. Dillalai za su yi gunaguni da farko, amma ranar da aka fara sayen sa da kilo, makiyayi zai ga dalilin riƙe bijimin da 'ya'yansa ke saurin nauyi. Kafin nan, ko tef ɗin tela da ake zagaya ƙirjin sa da shi yana ba da kusan nauyinsa.

Na biyu, garken tushe. Jihar da ke da NAPRI a Shika, da NITR a cikin birni, da makiyayar Ladduga a Kachia, ba ta da uzuri. A zaɓo maruƙa maza mafi kyau daga garkunan makiyayan da suka amince, a biya su farashi mai kyau, a tara su wuri ɗaya a kan abinci iri ɗaya, a auna. Waɗanda suka yi zarra a mayar da su ruga a matsayin bijimai, a ɗebi maniyyinsu a adana. Shirin L-PRES, wanda Bankin Duniya ya amince wa dala miliyan 500 a 2022, irin wannan aiki ne ya kamata a ga sawunsa a ciki.

Na uku, abinci. Masanan ILCA sun gwada rumbun ciyawa a kudancin Kaduna, wato killataccen fili na kimanin hekta huɗu da aka shuka ciyawar Stylosanthes domin shanu masu ciki da masu shayarwa su ci da rani. Matsalarsa ta kasance waya, gobarar daji, da rashin tabbacin mallakar fili. Waɗannan matsaloli ne na hukuma, kuma suna warwaruwa.

Na huɗu, ƙa'ida. Duk mai sayar da maniyyi ko bijimin waje ya kamata ya nuna takardar asali da shaidar lafiya, musamman ta bakkale, cutar da ke sa shanu ɓari kuma take kama mutane. A kuma riƙa duba ciki kafin a yanka saniya.

Shi kuwa mai turke a Unguwar Boro, kafin ya tura kuɗi ga mai lambar wayar da ke ƙarƙashin bidiyo, akwai tambayoyin da suka cancanci amsa. Kashi nawa na jinin san nan na waje ne? Ina uwarsa, ina ubansa? A ina ya yi damina biyun da suka wuce, a ɗakin da ake masa feshi ko a fili? Kilo nawa yake ci a rana, kuma nawa buhun dusa yake a watan Afrilu? Mai sayarwar da ya kasa amsa waɗannan hoto yake sayarwa.

Idan kuma ya ɗauki littafin rubutu na 'yan makaranta, ya riƙa rubuta ranar da ya sayi kowane sa, daga wace kasuwa, faɗin ƙirjinsa duk mako biyu, da abin da ya ci, to cikin Sallah biyu zai san wane irin sa ne ke mayar masa da kuɗinsa, kuma daga garken wa ya fito. Makiyayan Uberaba ma da irin wannan littafi suka fara.